Rawayar Ɗakin Mak Romlah

Matan sun riga sun tuɓe takalma a ƙofar Mak Romlah, wato Inna Romlah, kowace da kwanon ɗanyar shinkafa rufe da ƙyalle, wata har ta fara jan majina, sai mamaciyar ta ɗaga labule ta leƙo.

"Wa ya rasu?" in ji ta.

Saodah maƙwabciyarta ce can baya, rataye da kwandon cefane. Ita ba ta kawo shinkafa ba. Daga kasuwa take ta hango wani abu rawaya yana lilo a jikin turken lantarkin bakin lungu, kuma ba ta san yadda aka yi ƙafafunta suka kawo ta nan ba. Da ta ga tsohuwar tsaye da zanin gida, ɗankwali a karkace, sai ta zauna a kan dakali.

"Ke muka zo wa, Mak," Ipah ta ce daga baya. Ita ce mai shagon tsakiyar lungu, magana ba ta kwana a bakinta. "An ɗaura tuta. Lasifikar masallaci kuwa kin san tun ambaliyar bara ba ta sake tari ba. Muka duba wa ke jinya a lungun nan, sai ke."

"Allah ya saka da alheri. Kun iya lissafi."

A lungunsu ba sai an yi shela ba. In aka ga 'yar tutar takarda rawaya a kan turken nan, to wani gida ya yi rashi, sai kowa ya auno shinkafa ya bi sawu.

Bayan tsohuwar sai ga Bang Dulhak, wato Yaya Dulhak, mijin Ipah, ya fito riƙe da buroshi, hannuwansa rawaya har gwiwa. Ya kalli matan, ya kalli kwanukan, ya sosa ƙeya ya bar tabo a gashi.

"Singiletina ce," ya ce a hankali. "Fenti ya zube mata, na shanya. Nan kaɗai rana ke taɓawa a lungun nan, ku ma kun sani."

"Wadda na saya maka da sallah?" in ji Ipah.

Wata ta yi dariya ta toshe baki. Mak Romlah ta ce tunda sun ɗauko shinkafar su juye mata a tukunya, ranar ta gaskiya ba sai sun sake kawowa ba. Ta janye labulen gaba ɗaya domin su shiga, nan dariyar ta tsaya.

Ɗakin da suka sani ne, dogo, matsattse, ba taga, da bango ruwan toka da layin da ambaliya ta bari daidai ƙugu. Amma yanzu bango uku sun koma rawaya. Ba rawayar man shanu ba, irin mai tsokane ido, ta takardar tuta sak. Bango ɗaya ya rage, na alƙibla, wanda gadon ke jingine da shi, wanda kuma shi ya raba ɗakin da na Saodah.

"Inna lillahi," in ji Ipah. "Mak, wannan ai gayyata ce. Mutum yana jinya ya shafe ɗakinsa da tuta? Ga shi tun ranar farko kin ga abin da ya jawo." Ta juya ga mijinta. "Kai kuma ka ce min fenti za ka yi, ba ka ce wane iri ba. Ajiye buroshin nan."

"Saura bango ɗaya, Pah."

"In ka gama shi saura kai. Wuce mu tafi."

Ya ajiye. Bang Dulhak ya yi shekaru yana tuƙa babbar mota har birnin Surabaya cikin ruwa da iska, amma gaban matarsa bai taɓa cewa a'a sau biyu ba.

Da matan suka watse, Saodah na nan kan dakali, ta bai wa ɗakin baya.

"Odah, ke ce a nan? Na ji ƙamshin albasa."

"Ni ce, Mak. Kin tayar min da hankali."

"Dulhak ya tayar miki, ni ina zaune lafiya." Tsohuwar ta laluba bakin ƙofa ta zauna kusa da ita, ta miƙe ƙafar nan da ciwon suga ya hana gyambonta warkewa. "Shigo ki gani mana."

"Na gani daga nan. Me ya sa ba ki zaɓi kore ba? Ko shuɗi. Duk launukan Allah."

"Launukan Allah sun bar ni, Odah." Ta faɗe shi kamar mai ba da labarin farashin barkono. "Likita ya ce ba yanar ido ba ce balle a cire, jijiyar ce ke mutuwa. Yanzu fuskarki da wancan bokitin duk ɗaya ne, kamar ina kallonku ta cikin ruwan wankin shinkafa. Na je shagon fenti, mai shagon ya baje min launuka a kan tebur, duka toka. Sai wannan ɗaya. Shi kaɗai ya gaishe ni." Ta gyara zama. "Na ce kafin a kashe fitilar gaba ɗaya, bari in farka da safe in ga wani abu. Kuma dubi ikon Allah, wanda nake fuskanta in na kwanta shi ne ya rage."

"Sai a juya gadon."

"A juya shi ina? Ta nan kaɗai yake shiga. Kuma ni a kan dama nake kwana, fuskata a alƙibla. Ba zan sake hali a wannan shekarun ba saboda bakin Ipah." Ta nemi hannun Saodah ta kama. "Gwangwanin na nan da rabi. Ke doguwa ce, da kujera za ki kai sama."

Saodah ta dubi hannun da ke riƙe da nata. Kowa a lungun ya san ba ta ajiye abu rawaya a gidanta. Shinkafar kwakwa take sayarwa kowace safiya, fara, ko an roƙe ta ba ta dafa ta kurkum. Shekarun baya, a irin wannan hantsin, ta dawo daga kasuwa ta ga tuta a kan turken nan. Ta shigo lungu tana tambayar wa ya rasu, kowa na kawar da kai. Tana wuce ƙofa tana cewa ba nan ba ne, ta wuce ta gaba, ba nan ba ne, har ƙofofin suka ƙare ya rage tata, da takalman maza jibge a gabanta. Mijinta ne ya faɗi yana alwala. Mak Romlah ce ta tare ta a ranar, ta rungume ta kafin ta kai ƙasa.

"Bari ruwa ya ɗauke, Mak," ta ce. "Fenti ba ya kama bango mai laima."

"Dulhak ya ce na mai ne, laima ba ta cin shi."

"Duk da haka."

Ruwa bai ɗauke ba, damina ce. Kullum bayan azahar sai gari ya haɗe, kwatar lungu ta cika ta tumbatso da ledoji, a sa bulo a ƙofa ana takawa. Kowace safiya Saodah takan ɗebi shinkafa da awara a ganyen ayaba ta kai wa maƙwabciyarta. Takan shiga idonta a ƙasa, ta ajiye, ta wanke gyambon ta ɗaure, ta fita. Gwangwanin fentin na ƙarƙashin gado, buroshin a jiƙe cikin kwalbar kananzir da Bang Dulhak ya bari.

"Yau da rana kaɗan, Odah."

"Ina da wanki, Mak. Bayan Juma'a."

Bayan Juma'a ta ce warin fenti zai tayar wa tsohuwar da tari. Da aka ƙara kwana biyu ta ce bayanta ke ciwo. Ba ƙarya take ba gaba ɗaya, kowanne akwai ɗan gaskiya a ciki, shi ya sa ma ya fi ci mata rai. In ta kwanta a ɗakinta takan ji motsin gadon tsohuwar ta cikin bangon, ta san ta ɗaya gefen akwai fuska tana kallon toka.

Ipah kuwa ba ta bar zancen ba. Duk wanda ya zo sayen sabulu sai ya ji. "Ni dai na cire mijina. Ranar da aka rufe bangon nan na huɗu, ku auno shinkafa."

Wata safiya Saodah ta ga Mak Romlah tana zuba shayi a gefen kofi, yana malala a kan tire, ba ta daina ba sai da zafin ya taɓa mata yatsa. Ranar tsohuwar ba ta yi zancen bango ba. Washegari ma haka. Zazzaɓi ya fara zuwa mata da yamma, ƙafar ta yi duhu, ta daina fitowa dakali. Ɗanta guda da ke aikin jirgin ruwa ya kira a waya ya ce sai jirginsu ya tsaya a tasha, ta ce masa kada ya damu, mura ce.

Shirun ne ya gagari Saodah. Da ana roƙonta tana da abin faɗa. Yanzu babu mai roƙo.

Ranar wata Laraba bayan azahar, ta sa tsohuwar rigar mijinta, ta ɗauki kujerar katako ta shiga. Ta janye gadon da mai gadon a kai har ya bar bango da ɗan taku. Da ta sa bakin cokali ta ɓalle murfin gwangwanin, cokalin ya suɓuce ya faɗi.

"Wane ne?"

"Ni ce, Mak. Kwanta abinki."

Tsohuwar ta shaƙi iska, ta saki.

Saodah ba ta taɓa yin fenti ba. Shafar farko ta yi kauri ta gangaro kamar hawaye, ta biyu ta yi tsiri-tsiri. Ta fara daga sama, tana kallon buroshin kawai, ba ta kallon abin da yake bari a baya. Layin ambaliya ya ƙi ɓoyuwa sai da ta bi ta kansa ta sake bi. Ruwa ya sauko a kan kwanon rufi har ba a jin komai.

Tana cikin haka kujerar ta daina girgiɗi. Ta duba ƙasa, Ipah ce ta dafe ta da hannu biyu, lemarta na ɗiga a bakin ƙofa.

"Ba taimako na zo ba," in ji Ipah. "In kika faɗo kika karye, ni za a bar wa jinyar mutum biyu. Kuma kin bar wuri can a kusurwa."

Ana kiran la'asar ta sauko. Ipah ta tafi buɗe shago.

"Mak, an gama."

Mak Romlah ta yunƙura ta tashi zaune da ƙyar. Ta gyara ɗankwali kamar za ta karɓi baƙo, ta ɗaga fuska, ta yi murmushi.

"Masha Allah. Dubi yadda ya haska. Hannunki ya fi na Dulhak."

Kabad ɗin kaya take kallo. Bangon yana ta ɗaya gefen.

Saodah ta tsaya da buroshi a hannu, fenti na ɗiga a kan ƙafarta. Can ta ajiye shi, ta kama kafaɗun tsohuwar, ta juya ta a hankali.

"Nan yake, Mak."

Murmushin ya ɗan tsaya, sannan ya sauka. "To. Kin kama ni."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da na yi wa tire wanka da shayi. Da safe akwai ɗan haske, kafin azahar babu."

"Da na yi tun ranar da kika ce..."

"Da kin yi, da na gani. Ba ki yi ba." Ba da faɗa ta faɗa ba. Ta miƙa hannu gabanta tana lalube, har yatsunta suka dafa bangon.

"Ɗanye ne, Mak."

"Na ji." Ba ta janye ba sai da ta gama jin sanyinsa. Ta kai yatsun hanci ta shinshina. "To, ara min naki idon. Faɗa min yadda yake. Kada ki kalli ƙasa, na san halinki."

Saodah ta ɗaga kai. Rabonta da ta tsaya ta kalli wannan launi ido da ido tun ranar da ta ƙirga ƙofofi. Bango huɗu suka kewaye ta, ƙwan lantarki guda ɗaya na rataye a tsakiya, amma ɗakin kamar an cire masa rufi.

"Kamar kurkum a turmi," ta ce. "Lokacin da aka fara daka shi, kafin a zuba ruwa."

"Ƙara."

"Kamar cikin mangwaron da ya nuna a bishiya. Har tiren shayinki ya ɗauki launin. Har fuskarki."

"Ta yi kyau?"

"Kin koma yarinya."

"Maƙaryaciya." Tsohuwar ta yi 'yar dariya da ta ƙare da tari. "Ba kamar tuta ba?"

Saodah ta sake duban bangon. "Kamar tuta ma, Mak."

"To ai shi ke nan. Duka biyun nasa ne. Mayar min da gadon, amma kada ki manna shi, zai ɓata min bargo."

Ta kwanta a kan dama, fuskarta a bangon, idonta a buɗe.

Ranar Asabar da safe Saodah ta shiga da shinkafa a ganyen ayaba ta same ta a haka. Ta yi sallama sau biyu. Ta ajiye ganyen a kan tire, ta taɓa goshin, ta rufe mata ido. Sannan ta zauna a bakin gadon har shinkafar ta huce, kafin ta tashi ta buga ƙofar Bang Dulhak.

Shi ya yanka takardar, daga shagon matarsa, ya manna a tsinken gora ya ɗaura a turke. Amma lungu bai motsa ba. Masu fita aiki suka ɗaga kai suka wuce suna murmushi. Wata mata ta leƙo da bokiti ta ce, "Bang Dulhak ya sake shanya." Hantsi ya fara ɗagawa, ƙofar Mak Romlah ba takalmi ko ɗaya sai na Ipah.

Saodah ta yafa mayafi ta fita bakin lungu. Ta tsaya a ƙarƙashin turken, daidai inda ta saba runtse ido in za ta wuce. Wani ɗan acaɓa ya taka birki, ya kira ta da Mpok, wato yaya.

"Mpok Odah, yau kuma wandon wa aka rataya?"

Ya dubi fuskarta, ya dubi tutar, ya ga takarda ce. Ya kashe babur ɗin ya cire hular kwano.

Daga nan aka fara zuwa. Matan suka shigo da kwanuka rufe da ƙyalle, wata ta tuna cewa marigayiyar ta ce ba sai an sake kawowa ba.

"Ba ta nan balle ta hana," in ji Ipah, ta juye nata. Ta zauna ta jingina da bangon rawaya, ta rufe fuska da gefen mayafi. Babu wadda ta ji ta ce ai ta faɗa.

Wajen wanka aka sami tsaiko. Tsohuwar da ke wanke matan unguwa ta ɗago hannun dama na mamaciyar ta nuna: yatsu uku, fenti ya bushe a kansu, har cikin farce.

"Sai an cire. Dole ruwa ya taɓa fata."

"Akwai kananzir ƙarƙashin gado," in ji wata.

"A'a," Saodah ta ce. "Ba za ta tafi da warin kananzir ba."

Ta shiga gidanta ta ɗauko man kwakwa da auduga. Ta ɗora hannun a cinyarta, tana shafawa tana murzawa a hankali, yatsa bayan yatsa, kamar mai tsoron ta tashe ta. Matan suka jira. Fentin ya yi taurin kai irin na mai shi, amma ya saki. Audugar ta koma rawaya, yatsun suka koma yatsun Mak Romlah, masu kanta saboda shekarun wanki.

Bayan azahar maza suka ɗauke ta. Lungun ya yi ƙunci, sai da suka karkata makarar a kwana.

Da yamma, bayan an naɗe tabarmi an share, Bang Dulhak ya shigo kwasar kujerunsa. An fitar da gadon tun da safe, ɗakin ya zama fili. Ya tsaya yana duba aikin Saodah, ya ga inda ya gangaro da inda ya yi tsiri-tsiri. Sai ya sunkuya ya nuna wani wuri.

"Nan ya ɓaci kaɗan. Akwai saura a gwangwani, in shafe miki?"

"Bar shi, Bang."

Ya ɗauki kujerunsa ya fita. Saodah ta zauna a ƙasa, a inda gadon yake. Ruwa ya fara sauka a kan rufi. A jikin bangon alƙibla, daidai tsayin mutumin da ke zaune, akwai sawun yatsu uku, tsohuwar tokar na leƙowa ta cikinsu.